Zanzibar ko Maldibs: ina ango da amarya za su fi samun sirri?

Wani ɗan'uwa daga Samaru ya tambaya cewa za a ɗaura masa aure a Disamba, yana son ya kai amaryarsa hutun kwana biyar a bakin teku cikin Janairu. Sharaɗinsa ɗaya ne: wuri mai shiru, inda maiɗakinsa, wadda ba ta fita sai da hijabi, za ta iya shiga ruwa ba tare da idon kowa a kanta ba. An ba shi sunayen Zanzibar da Maldibs, ya rasa wanda zai ɗauka.

Malam ango, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Kafin mu ɗora su a sikeli, ka raba abu biyu da ake haɗawa a kira su sirri. Akwai nisa da cunkoson jama'a, akwai kuma tsira daga idon mutane. Na farko ƙasar da ka zaɓa ce ke ba ka shi. Na biyu kuwa, wanda shi ne ainihin abin da kake nema, irin ɗakin da ka kama ne ke ba ka shi, ko a wace ƙasa kake.

Ta fuskar cunkoso, Maldibs ta yi gaba nesa ba kusa ba. Tsibirai ne ƙanana kusan 1,200 a Tekun Indiya, kuma tun da aka buɗe otal na farko a 1972 tsarinsu shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Ba mai taka rairayin sai baƙin otal da ma'aikatansa. Zanzibar kuwa gari ne mai rai. Bakin tekunta na kowa ne, don haka ko a gaban otal mafi tsada za ka ga masunta, da mata masu noman ciyawar teku, da samari masu tallar yawon jirgin ruwa da za su tare ku da zarar kun wuce iyakar otal. Mutanen kirki ne mafi yawansu, amma wanda ya zo neman shiru zai gaji da cewa a'a.

To ga inda angwaye da yawa ke tafka asara. Hoton da kowa ke gani na Maldibs shi ne ɗakunan katako da aka kafa a kan ruwa, su ne kuma mafi tsada. Ga matar da ke suturta jikinta, su ne mafi ƙarancin sirri. A jere suke a kan gadar katako guda, barandar maƙwabci na iya hango taku, gaban ɗakin kuma buɗe yake ga teku: masu iyo da tabarau na kallon kifi suna wucewa, kwalekwale na wucewa, wani lokaci har ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa ya sauka a kusa. Abin da ya dace da ku shi ne gidan kan tudu mai kwamin ninkaya nasa na kansa, wanda katanga ta kewaye shi ta kowane ɓangare. Ka lura da kyau, wasu kwamin nasu yana gaba ne, yana fuskantar rairayi, shingen ganye kawai ya tsare shi, duk mai tafiya a bakin ruwa zai leƙo. Wanda kake so shi ne mai kwami a tsakar gida ta baya, kamar dai tsakar gidajenmu na cikin birnin Zazzau inda na zaure ba ya ganin na ciki. Irin wannan gida akwai shi a ƙasashen biyu, kuma a Zanzibar ya fi sauƙin kuɗi sosai.

Kada ka dogara da hoton shafin otal. Ka rubuta musu kafin ka biya ko kwabo, ka yi tambaya huɗu: tsayin katangar nawa ne, akwai bene ko hanya da ke hango kwamin, a wane lokaci mai share kwami da mai gyaran ɗaki ke shigowa, kuma za a iya turo mace ta riƙa gyaran ɗakin? Ka nemi su ɗauko maka bidiyo daga cikin tsakar gidan. Otal ɗin da ya san darajar baƙonsa zai amsa cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya yi ta kwana-kwana kuma ka bar shi.

Sai maganar takardu, wadda ita kaɗai tana iya yanke hukuncin. Maldibs na ba baƙi bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin kana da tikitin komawa da shaidar kama ɗaki, ka kuma cike fom ɗin hukumar shige da ficensu mai suna IMUGA ta intanet cikin awa 96 kafin isowa. Tanzaniya, wadda Zanzibar ke ƙarƙashinta, ba ta ba mai fasfon Najeriya biza a filin jirgi. Sai ka nema tun daga gida, a tantance takardunka, kuma abin yakan ci makonni. Ka ba shi wata biyu, kada kuma ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar ta fito. Ban da haka, tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu ta dala 44, ko da yana da wata. Ƙasashen biyu suna neman katin rigakafin shawara daga matafiyin Najeriya, allurar kuma ba ta fara ƙirguwa sai bayan kwana 10. A yi wa amarya tata tun kafin biki, domin ba a cika yi wa mai juna biyu ba. Idan ba ta da fasfo, wannan shi ne aikin wannan makon, sunan da ke kan tikiti kuma ya zama daidai da na fasfon harafi da harafi.

Hanya kuwa Zanzibar ta fi kusa. Jirgin Ethiopian Airlines na tashi daga Kano da Abuja zuwa Adis Ababa, daga nan ka sauya zuwa Zanzibar. Daga filin jirgi mota ce za ta kai ku otal, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ko da ƙarshen arewacin tsibirin za ku je. Maldibs sai ka bi ta Doha ko Istambul, ka sauka filin jirgin Velana kusa da Male, babban birnin, tafiyar kuma ba ta ƙare ba. Otal na kusa kwalekwale mai inji ne zai kwashe ku. Na nesa sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi sai da hasken rana. In jirginku ya sauka bayan la'asar, a Male ko Hulhumale, tsibirin da ke gefen filin jirgin, za ku kwana, ga kuɗin ɗakin tsibiri na wannan dare ya riga ya fita. Kuɗin wannan jirgi yakan kai dala 400 zuwa 600 ga mutum ɗaya zuwa da dawowa, wani wurin ya zarce, kuma kaya kilo 20 ne da na hannu kilo 5. A gaya wa amarya tun da wuri, akwatunan lefe su zauna a gida. Ko wace ƙasa kuka zaɓa, ku kwana a Kano ko Abuja daren tafiya. Kada ku taso daga Zariya ranar da jirgi zai tashi.

A kan kuɗi, farashin da ka fara gani a Maldibs ba shi za ka biya ba. Ana ƙara kashi 10 cikin ɗari na hidima, sannan harajin kashi 17 tun Yulin 2025, sai harajin muhalli na dala 12 ga kowane mutum a kowane dare. Ɗauki misalin ɗakin dala 500: da hidima ya zama 550, da haraji 643.5, da na muhalli na mutum biyu 667.5. Dare biyar da ka lissafa a 2,500 ya koma sama da 3,300, ba a sa jirgi ba, ba a sa abinci ba. Kuma a tsibirin ba kasuwa, ba mai shayi, ko ruwan gora a farashin otal za ka saya. Shi ya sa tsarin abinci ke da muhimmanci. Za su tallata maka tsarin da komai ke ciki, amma kaso mai tsoka na wannan kuɗin na giya ne, abin da ba ku sha. Ka kwatanta shi da tsarin cin abinci sau uku, ka tambaya ko suna da tsarin komai a ciki marar giya. A Zanzibar karin kumallo da abincin dare sun isa, domin kuna iya fita ku ci shinkafar pilau da gasasshen kifi a gari da kuɗi kaɗan. Takardar shaidar aure ma ku tafi da ita, otal da yawa na yi wa sababbin ma'aurata rangwame in sun gan ta.

Janairu ya yi wa ƙasashen biyu kyau. A Maldibs rani ne, daga Disamba zuwa Afrilu, shi ne kuma lokacin da farashi ke kai ƙololuwa, musamman makon farko na shekara. A Zanzibar zafi ne da rana, babbar daminarsu sai Maris zuwa Mayu. Abin da za ka kula da shi a can shi ne cika da janyewar teku. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani da Matemwe, ruwa kan ja da baya da nisa sau biyu a kwana, ya bar rairayi da duwatsu masu ƙayar teku. Nungwi da Kendwa a arewa ba su da wannan matsala sosai, amma can ne hayaniya da kiɗan dare suke. Tun da a kwamin cikin gida amarya za ta yi ninkayarta, janyewar ruwa ba ta dame ku ba, don haka gabas mai shiru, kamar Matemwe ko Michamvi, ta fi muku. Sauro kuma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Maldibs ta rabu da zazzaɓin cizon sauro tun 2015, a Zanzibar kuwa ya ragu amma bai ƙare ba, ku kwana cikin gidan sauro.

Ƙasashen biyu na Musulmi ne, nama bai cika zama abin damuwa ba, sai dai manyan otal-otal na ajiye giya, wasu har da naman alade a teburin Turawa, don haka ka tambayi mai dafa abinci. Alƙibla ba gabas ba ce kamar a gida: a Zanzibar arewa za ka fuskanta kusan sak, a Maldibs kuwa yamma mai karkata arewa. Agogon Zanzibar na gabanmu da awa biyu, na Male da awa huɗu, wasu otal ɗin Maldibs kuma suna ƙara awa ɗaya ta kansu, abin da kan rikita lokacin salla a waya. Ka bi na ma'aikatan, yawancin tsibiran suna da masallacinsu. A Zanzibar kiran salla zai riske ka ko'ina, kuma kwana ɗaya a tsohon birnin Stone Town, da ziyarar gonakin kanumfari da kirfa, abu ne da Maldibs ba ta da irinsa.

In har Disamba ta matso, saura ƙasa da wata biyu, kuma aljihu zai ɗauka, ka tafi Maldibs, ka kama gidan tudu mai katanga a tsibirin da kwalekwale ke kaiwa, ka bar ɗakin kan ruwa. In kana da lokacin jiran biza, ni Zanzibar zan ce maka: dare huɗu a gida mai katanga a Matemwe ko Michamvi, dare na ƙarshe a Stone Town, wanda bai fi tafiyar minti ashirin zuwa filin jirgi ba, don kada ku yi sammakon hanya ranar komawa.