Jirgin ceto ko rigakafi: ina ya kamata gudummawa ta fara zuwa?

Idan aka tara kuɗin taimako don hana mutane nutsewa, gardama kan tashi: a sayi jirgin ceto, ko a zuba su a rigakafi?

Jirgin ceto yana da farin jini, tunda mai bayarwa zai ga abin da kuɗinsa ya saya. Kuma ranar ambaliya ko kifewar kwalekwale, ba shi da madadi. Sai dai sayensa somin-taɓi ne: ga mai, ga gyaran inji, ga horar da matuƙa. Ƙungiyar RNLI ta Birtaniya mai ceton mutane a teku, wadda aka kafa a 1824, har yau da gudummawar jama'a take ɗaukar wannan nauyi.

Rigakafi kuwa ba shi da armashi a hoto: rigunan kariya, koya wa yara iyo, rufe rijiyoyi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaron da ya faɗa kududdufin bayan gida, mintuna kaɗan gare shi. Kafin a tada inji, aikin gama ya gama.

Ni dai in kuɗin ba yawa, da rigakafi zan fara.