Bitar 'Yan Kwanaki ko Bibiya a Cikin Aji?

Malamin da ke koyar da yaran da suka tsere wa yaƙi yana buƙatar horo. Tambayar ita ce, wane iri: bita ta 'yan kwanaki, ko bibiya tsawon shekara?

Bita tana da sauri, malamai da yawa ke amfana lokaci guda. A nan malami zai fahimci cewa yaron da ke zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi, ko yarinyar da ta yi tsit ba ta ɗaga kai, tsoro ne bai sake su ba. Zai koyi ajiye bulala, ya riƙa tafiyar da aji bisa tsari ɗaya kullum, don yaro ya san abin da zai biyo baya, hankalinsa ya kwanta.

Amma ranar da malamin ya koma aji cike maƙil, yaro ya fashe da kuka ana tsakiyar lissafi, takardar bita ba za ta ce masa komai ba. Nan bibiya ke shiga: malamai su zauna rukuni-rukuni, kowa ya faɗi abin da ya gagare shi, gogagge ya leƙa aji ya gani da idonsa. A sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma da ke Kenya, shirin horar da malamai mai suna Teachers for Teachers ya haɗa bita da taimakon abokan aiki da shawarwari ta WhatsApp.

Ni dai na fi karkata ga bibiya, ko da ta fi cin kuɗi da lokaci. Da yawa daga malaman nan su ma 'yan gudun hijira ne, suna ɗauke da nasu raɗaɗin, kuma a irin wannan zama ne ake tambayar su yadda suka kwana.