Sabon gidan makulli a tsohuwar Fijo 504: yana aiki, amma ba na asali ba ne

Wanda ke riƙe da Fijo 504 a Kano yau ya san injin ba shi ne ke fara ba da ciwon kai ba, ƙananan abubuwa ne. Tawa haɗin kamfanin PAN na Kaduna ce, wanda ya fara harhaɗa Fijo a 1975, ita kuwa 504 tun 1968 ta fito a Faransa. Gidan makullinta ƙirar kamfanin Neiman ne, irin wanda ke kunna mota ya kuma kulle sitiyari. Shekaru sun cinye haƙoran makullin da ƙananan ƙarafunan da ke ciki, har ta kai sai na yi ta jijjiga shi kafin ya juya. Daga baya ma makullin ya fara zarewa injin na aiki.

Shawarar farko da na samu a gareji ita ce a yanke wayoyi a sa maɓallin dannawa. Na ƙi. Motar da ta kai wannan shekarun ba a huda mata dashbod saboda ganda, kuma in ba a taɓa harshen da ke kulle sitiyari ba, wata rana yana iya faɗawa kana tsakiyar titin Zariya.

A kasuwar Kofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gyaran mota, na tarar da gidan makulli iri biyu. Akwai na hannu, cire daga wata motar, na asali, amma yawancinsu sun sha jiki kamar nawa, wasu ma babu makullinsu. Akwai kuma sabo a kwali, da makulli biyu, ba sunan wani kamfani da na sani a jikinsa. Mai shagon bai ɓoye min ba, ya ce, "Alhaji, wannan zai yi maka aiki, amma kar ka haɗa shi da na Faransa." Sabon na ɗauka.

Ɗaurawar ba ta da wuya ga wanda ya iya. Mai rewaya ya fara cire kan batir, ya kwance murfin ƙarƙashin sitiyari, ya kwance ɗan ƙaramin sukurun da ke riƙe da gidan makullin. Sai ya juya makulli zuwa tsakiya, ya danna wani ɗan fil da tsinke, abin ya zaro gaba ɗaya. A nan na gane amfanin zuwa da wuri: in makulli ya daina juyawa kwata-kwata, fil ɗin ba zai dannu ba, sai dai a huda da injin huji, kuma nan ne ake lalata mazauninsa.

Wayoyi ne suka ci lokaci. Tsoffin Fijo lamba ake bugawa a jikin waya, ba launi ake bi ba, sabon kuma ya zo da launukansa da ba su dace da komai ba. Wani zai haɗa da ka, ya ga mota ta tashi ya ce an gama. Wannan bai yi haka ba. Ya ɗauko fitilar gwaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya: wadda ke kawo wuta daga batir, wadda ke kai wa kwayil mai ba fulogi wuta, wadda ke zuwa sitata mai tayar da injin. Ya ce min, "Maigida, in na kuskure ɗaya, wuta za ta zauna a kwayil mota na kashe, ka wayi gari batir ya mutu." Rabin yabon da zan yi wa wannan aiki nasa ne, ba na kayan ba.

Yanzu ga abin da na gani bayan na yi ta yawo da ita cikin gari. Mota tana tashi bugu ɗaya, makulli ba ya zarewa, sitiyari yana kullewa yana buɗewa lafiya. Abin da bai yi min ba shi ne sifirin da ke dawo da makulli bayan an tayar. Na asali yana dawowa da kansa da ƙarfi, wannan kuwa yana da sanyin jiki, sai na ɗan taimaka masa da yatsa. Ba ƙaramin abu ba ne, domin in ya tsaya a wurin tayarwa sitata zai ci gaba da juyawa tare da injin har ya ƙone. Makullan kuma sirara ne, ƙarfensu laushi, sai na raba su da tarin makullan gida da na shago don nauyi kada ya ci shi da wuri. Ga kuma makulli biyu da nake yawo da su yanzu, na ƙofa daban na kunnawa daban.

Mai rewayan ya hana ni ɗiga wa gidan makullin man juye, ya ce ƙurar hunturu za ta manne ta zama laka a ciki, garin bakin fensir ya fi. Wanda ya samu na asali mai makullinsa da bai lashe ba, ya saya ko ya fi tsada. Wanda bai samu ba, sabon zai fisshe shi, amma ya gwada sifirin da hannunsa a shago kafin ya biya.