Wace piyano ya kamata mai koyon kiɗan Chopin ya saya?

Mai koyon piyano don sha'awa yakan kai wani matsayi inda yatsu sun san hanya, amma kiɗan ba ya taɓa zuciya. Sau da yawa laifin na abin kiɗan ne. Tun da Bartolomeo Cristofori ya ƙera piyano a Florence wajen 1700, sirrinta guda ne: guduma na bugun waya gwargwadon ƙarfin yatsa, sauti ya fito a hankali ko da ƙarfi. Duk abin da za ka saya, da wannan za ka auna shi.

Kibod mai maɓallai 61, irin Yamaha PSR, ka bar wa masu kiɗan biki. Maɓallanta ba nauyi, kuma kiɗan Chopin, shahararren mai tsara kiɗan piyano ɗan ƙasar Poland, yakan zarce iyakarsu.

Abin da ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne piyano ta lantarki mai maɓallai 88 masu nauyin guduma. Yamaha P-45 tana da sauƙin kuɗi da juriya, sai dai sauti 64 kawai take riƙewa a lokaci guda. Roland FP-10 tana riƙe 96, kuma maɓallanta sun fi kama da na piyano ta gaske. A ganina ita ce ta fi koya wa yatsa bugu a hankali, wanda ya fi bugu da ƙarfi wahala nesa ba kusa ba. ES120 ta kamfanin Kawai tana da taushi a hannu. Casio PX-S1100 kuwa tana aiki da batir shida, abin da wanda ake yawan ɗauke wa wuta ba zai raina ba.

Feda, wato abin takawa da ƙafa da ke tsawaita sauti, ita ce ake mantawa. 'Yar ƙaramar da ke zuwa a kwalin P-45 ko FP-10 kunnawa da kashewa kawai ta sani. Kiɗan Debussy, wani mai tsara kiɗa ɗan Faransa, yana bukatar a taka rabi, don haka ka ƙara kuɗi ka sayi Yamaha FC3A ko Roland DP-10.

Piyano ta katako irin Yamaha U1 ta fi duka daɗin sauti, ba musu. Amma tana son mai gyaran sauti kamar sau biyu a shekara, kuma bushewar hunturu tana iya tsaga katakonta. In ba ka san mai gyara a garinku ba, haƙura da ita.

A shago, danna maɓalli ɗaya sau biyar, kowane bugu ya ɗan fi na baya ƙarfi. In kunnenka bai bambance biyar ɗin ba, gwada wata.