'Ya'yan gawo na buhu: na kwanso ya fi niƙaƙƙe

Daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin da kara ya bushe ƙayau, harawa ta yi wuyar samu, masu sayar da abincin dabbobi sukan fito da 'ya'yan gawo iri biyu. Akwai na kwanso, yadda aka tsinto su a gindin bishiya, akwai kuma waɗanda aka riga aka niƙa aka ɗura a buhu kamar dusa. Kayan sun cancanci a saya, amma a matsayin ƙari a kan kara da ciyawa, kuma a cikin biyun na kwanso ne ya fi aminci. Dalili shi ne duk dubarun da manoma da makiyaya suka gada na gane mai kyau da marar kyau suna aiki ne a kan kwanso. Da an niƙa, ido ba ya ganin komai.

Abin da ya ba gawo daraja shi ne saɓaninsa da sauran itatuwa. Yana zubar da ganye da damina, ya yi toho da kaka, ya yi fure, 'ya'yan su nuna su riƙa faɗowa a watannin rani, daidai lokacin da daji ya ƙare. Busasshiyar ciyawar wannan lokaci da karan gero ko na dawa ba su cika kai kashi 5 cikin 100 na furotin ba. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin saniya ko tunkiya, waɗanda su ne ke narka mata kara, suna bukatar kusan kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Shi ya sa za ka ga dabba ta cika ciki da kara amma ƙashin haƙarƙarinta na ƙara fitowa. 'Ya'yan gawo, kwanso da ƙwaya a haɗe, suna ɗauke da kashi 10 zuwa 14, ga ɗan zaƙi da ke jan dabba. Idan aka ba ta kaɗan, tumbi ya farfaɗo, sai ta ƙara cin karan da take turewa a da. Wannan shi ne babban amfaninsu, kuma shi manomi ke nufi idan ya ce gawo yana riƙe dabba har ruwa ya sauka.

Matsalar na kwanso ɗaya ce, amma babba. Mafi yawan furotin yana cikin ƙwaya, wadda ke da kusan ninki biyu na abin da ke cikin kwanso da ƙwaya a haɗe, kuma fatarta tauri gare ta ƙwarai. Saniya takan haɗiye ba tare da ta fasa ba. Duk mai shakka ya tona kashinta da tsinke bayan kwana biyu ko uku: zai ga ƙwayoyi masu ruwan ƙasa suna sheƙi, lafiya lau, wasu ma su tsiro a wurin idan damina ta zo. Ta wannan hanya ce gawo ke yaɗuwa a gonaki, wanda alheri ne ga gona, amma asara ce ga wanda ya sayi buhu. Tumaki da awaki sun fi shanu fasa ƙwayar wajen tuƙa, sai dai su ma ba duka ba. Magani shi ne a daka a turmi ko a kai injin niƙa mai raga mai faɗin ido, kamar milimita 6 zuwa 8, yadda ƙwaya za ta tsage gida biyu ko uku, kwanso ya zama ɓarzajje. Kada a mai da shi gari laushi. Garin yana tashi, ya shiga hanci ya sa tari, dabba ta riƙa hurawa tana barinsa a kwano.

Wajen duba buhun na kwanso, kada a tsaya a bakinsa, a zura hannu har tsakiya da gindi. Ɗan gawo mai kyau yana da kauri, ya lanƙwashe kamar ƙahon rago, launinsa tsakanin ruwan lemu da ja-ja. A karya shi: busasshe yana karyewa ƙas, mai danshi kuwa lanƙwasa yake yi. A girgiza kusa da kunne, a ɓare biyar ko goma. Idan aka ga ƙananan ramuka zagayayyu a jikin kwanso, ƙwaro irin na wake ya riga ya cinye cikin ƙwayar ya fita, abin da ya rage ɓawo ne, kuma wannan alama ce ta kayan bara ko kayan da suka daɗe a ƙasa. Baƙin kwanso mai tabon toka-toka ko warin ruɓa ya sha raɓa ko ruwa, fumfuna ta kama shi, a bar wa mai shi. Tunda da tsintsiya ake tara su, gindin buhu yakan tara yashi, tsakuwa, ƙaya, kashin awaki da guntayen leda. Leda ita ce mafi haɗari, domin ba ta narkewa, taruwa take yi a tumbi. Wani abu kuma da mai saye ke mantawa: kwanso ya fi cin wuri fiye da nauyi. Buhu ya cika fam amma ka ɗaga shi da hannu ɗaya. A ɗora a sikeli, a yi ciniki da nauyi.

Niƙaƙƙen yana da sauƙinsa, babu daka, babu ɗawainiya, kuma ƙwaya ta fashe. Amma duk abin da aka lissafa a sama yana iya shiga injin tare da shi, har da abin da ya fi damun masu kiwo, wato 'ya'yan bagaruwa. Ana samun su a lokaci ɗaya, kuma a gari da wuya a bambance. Wanda ba shi da zaɓi sai niƙaƙƙe yana da gwaji uku masu sauƙi. Ya zuba tafi ɗaya a kwalbar ruwa ya girgiza ya ajiye, yashi zai kwanta a ƙasa cikin ɗan lokaci. Ya dunƙula a hannu ya saki, idan ya tsaya a dunƙule akwai danshi. Sannan ya ɗanɗana a harshe ya tofar. Gawo yana da ɗan zaƙi da bauri kaɗan, wanda aka gauraya da bagaruwa kuwa yana ɗaure baki nan take.

Baurin nan shi ne mabuɗin ilimin da manoma ke da shi a kan itatuwan kiwo, ko da ba su kira shi da sunan tanin ba. Tanin shi ne sinadarin da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jima fata da shi, kuma shi ne ke kama furotin a cikin tumbi ya hana jiki amfana da shi. Kaɗan daga cikinsa ba laifi, har yana rage zawo da nauyin tsutsar ciki. Da yawa kuwa, dabba ta rage ci, kashi ya bushe ya yi tauri, gashi ya tashi. Saboda haka makiyayi ba ya jera itatuwa a sahu ɗaya. Ya san gawo, madobiya da kawo na gaba wajen shanu, ya san ganyen aduwa da magarya na awaki da raƙuma ne, ya san sabara abin toshe yunwa ce idan babu wani, ya kuma san samberu guba ne, ko kusa ba a kai garke. Ma'auninsa shi ne abin da dabba ta fara kai baki, yadda kashi ya fito, da yadda nono ya ƙaru ko ya ragu. Binciken ɗakin gwaji ya sha dacewa da wannan jeri. Inda ma'aunin ke gazawa shi ne gubar fumfuna, wadda ba ta da ɗanɗano kuma tana iya bi ta nono zuwa ga mai sha, da kuma awo da kwano maimakon sikeli.

'Ya'yan kalgo, da ake sayarwa kusa da na gawo, sun fi shi tauri da yawan ɓawo, furotin ɗinsu bai kai ba, kuma ba su da amfani sosai sai an daka. Ana iya haɗa su, amma gawo ya rinjaya.

Game da yawan da za a bayar, dabba tana cin busasshen abinci kusan kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta a rana, kuma bai kamata gawo ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wannan ba. Rago mai kilo 30 yana cin kusan kilo 1, rabonsa na gawo giram 250 zuwa 300. Saniya mai kilo 250 tana cin kilo 6 da ɗan ɗoriya, rabonta kilo 1.5 zuwa 2. Ba a farawa da wannan adadi. A fara da kashi ɗaya cikin huɗu nasa, a riƙa ƙarawa har a kai cikakke cikin kwana 7 zuwa 10, domin halittun tumbi sai sun saba. A raba biyu, safe da yamma, bayan dabba ta ɗan ci kara, a ɗan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a cinye a ranar. Ruwan sha ya wadata, gishiri ko kanwa na kusa. Wanda aka jiƙa aka bari ya kwana a zafin bazara yakan yi tsami, a zubar.

Idan akuya ta samu buhu a buɗe ta ci ta ƙoshi, abin da ke biyo baya shi ne kumburin ciki ta gefen hagu, daina tuƙa, sai zawo ko kuma ɗaurewar ciki. A janye gawon, a bar ta da busasshiyar ciyawa da ruwa, idan numfashi ya fara yi mata wuya a nemi likitan dabbobi ba tare da jira ba. Idan kuwa kashin garke duka ya koma ƙanana masu tauri bayan an buɗe sabon buhu, a zargi bagaruwa, a rage rabi, a ƙara dusa. Masu ciki su ne suka fi cancantar a yi taka-tsantsan da su a nan, domin yawan 'ya'yan bagaruwa na iya jawo ɓari ga awaki.

Ga mai turka rago, gawo kaɗai ba ya sa ƙiba. Yana hana rama, yana ɗan ɗaga nono, amma nama da kitse sai an haɗa da dusa da tunkuzar gyaɗa ko ta angurya. 'Yan raguna da 'yan awakin da ba su kai wata biyu zuwa uku ba tumbinsu bai gama buɗewa ba, kada a dogara da shi a kansu. Kaji ma ba nasu ba ne, ɓawo ya yi musu yawa.

Ajiya ita ce inda na kwanso ya sake yin gaba. A shanya shi kwana biyu ko uku a kan tabarma ko tamfol, a tsince datti, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. A riƙa niƙa na mako biyu kawai, domin garin yana saurin jan danshi da ƙwari. Mai son ajiye da yawa zai iya ɓarza shi, ya busar sosai, ya ɗura a buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro don wake, ya ɗaure kowace leda daban. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba a sa magani ba. Kwanso ɗungum yana iya huda ledar da tsininsa, shi ya sa ake ɓarzawa tukuna.

Wanda yake da gawo a gonarsa kuma yana tunanin ko ya sare rassa don ganye ko ya jira 'ya'ya, ya sani cewa ganyen ya fi 'ya'yan furotin, amma bishiyar da aka yi wa ƙwal-ƙwal takan ɗauki shekaru kafin ta koma ba da 'ya'ya kamar da. Tsofaffin manoma sukan ɗebi ƙananan rassa daga gefe ɗaya, su bar kan bishiyar, su kuma juya zuwa wata bishiyar a shekara mai zuwa. Saran ya zama a karkace da gatari mai kaifi, don ruwa kada ya kwanta a wurin ya ruɓar da reshen.