Tsoffin faifan metal da ba a cika ambato ba: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk mai sauraron kiɗan metal, wato kiɗan Turawa mai nauyin jita da ganga, ya san Metallica da Slayer da Iron Maiden. Amma in kana da kuɗin faifai ɗaya tak, kuma kana son abin da ba kowa ke da shi ba, ni dai By Inheritance na ƙungiyar Artillery zan miƙa maka.

'Yan ƙasar Danmak ne, daga Taastrup kusa da Kofanhegan, sun kafu a 1982. Kundinsu biyu na farko, Fear of Tomorrow na 1985 da Terror Squad na 1987, akwai zafi amma ɗaukar sautin ba ta da tsabta. A 1990 ne, da By Inheritance, komai ya zauna daidai. Flemming Rasmussen ya ɗauki kundin a ɗakin Sweet Silence, wato mutumin da ɗakin da suka fitar da Ride the Lightning da Master of Puppets na Metallica. Kafin nan sun yi rangadi a Tarayyar Sobiyet a 1989 har Tashkent, kuma da sunan birnin aka buɗe kundin. Abin da suka ji a can ya shiga hannun 'yan'uwan nan biyu masu jita, Michael da Morten Stützer. Jitar tana lanƙwasa irin ta gabas, ta yadda kunnen da ya saba da kiɗan Larabawa da na Indiya zai kama ta tun jin farko, ga sauri ga nauyi ba a rage ba. Muryar Flemming Rønsdorf siririya ce mai tashi sama, wasu ba sa jure ta, ni kuwa ban ga wadda za ta dace da wannan kiɗan kamarta ba. Sai dai a sani, waƙar Khomaniac da ke cikin kundin sukar Ayatullah Khumaini ce, wanda hakan zai ɓata wa rai ya san abin da zai saya. A 1991 suka watse, lokacin da kasuwar thrash, wato reshen metal mai tsananin sauri irin nasu, ta fara mutuwa, shi ya sa kundin bai samu rabonsa ba.

Sauran fa? No More Color na Coroner, 'yan Zurich, 1989, gwaninta tsantsa, shi ne na biyu a wurina. Victims of Deception na Heathen, 1991, waƙoƙin sun cika tsawo. Twisted into Form na Forbidden, 1990, saya don gangar Paul Bostaph wanda daga baya ya koma Slayer. Kundin Angel Witch na 1980 na da daɗi amma sautin ya tsufa. Lightning to the Nations na Diamond Head kuwa, waƙoƙinsa Metallica ta riga ta tallata su.

Yanzu ga inda ake cin mutane. Na taɓa biyan kuɗin bugun farko ga wani mai sayarwa a intanet, abin da ya iso kwafe ne a kan faifan banza, don haka yanzu tsakiyar faifai nake fara dubawa kafin bango. Ka sa a ɗauko maka hoton zoben ciki na CD ɗin ta bayansa. In ka ga lamba mai ɗauke da haruffan IFPI, to ba bugun 1990 ba ne, domin sai 1994 aka fara sa ta. Yana iya zama sabon bugu na halal, amma kada a karɓi kuɗin tsoho a kansa. In bayan faifan ya yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, ƙona shi aka yi a kwamfuta. Rubutun bango in ya yi dishi-dishi, ko baƙin ya koma toka-toka, hoton na asali aka ɗauka aka sake bugawa. Jabun da ake bugowa daga Rasha sun fi wuyar ganewa, don a masana'anta ake yin su, sai ka gwada lambobin zoben da waɗanda ke Discogs, shafin intanet mai tara bayanan faifai, harafi da harafi. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton, ko yake da kwafi goma na abin da ya ce ba a samu, rabu da shi.

Faifan garmaho ya fi haɗari. Bugun farko na kundin nan na Diamond Head farin bango ne fes ba hoto, sai sa hannun ɗaya daga cikin mawaƙan, to wa zai kasa sayen farin kwali da biro? Duba rubutun da aka kankara kusa da tsakiyar faifan. Sannan zafi na lanƙwasa garmaho, in ya kwana cikin kaya a rana ya tashi daga aiki. Mai zama a ƙasa mai zafi ya nemi CD, kuma bugun da kamfanin Metal Mind na Folan ya sake fitarwa na By Inheritance halastacce ne.