Mass Effect daga na ɗaya zuwa na uku: inda labarin ya yi ƙarfi da inda ya sare

Wanda bai buga Mass Effect, wasan bidiyo na yaƙin sararin samaniya, ba kuma yana da niyya, ya sani zan fasa ƙwai a nan, har da yadda aka ƙare. Kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ne ya yi wasannin uku, na farko a 2007, na biyu a 2010, na uku a 2012, sannan a 2021 aka haɗe su wuri guda da sunan Legendary Edition, kuma shi na buga a kwamfuta. Ba kyawun hoto ko daɗin harbi ne ya kawo ni ba. Labarin ne, domin da shi aka tallata mana wasan: wai duk shawarar da ka yanke a na ɗaya za ta bi ka har na uku.

A wajen tsarin labari, na ɗaya ya fi sauran. Shekara ta 2183 ce, kai ne Kwamanda Shepard, kana farautar wani jami'i mai suna Saren da ya ci amana. Sai a duniyar Virmire ka gane cewa katafaren jirgin da yake yawo a ciki, Sovereign, ba jirgi ba ne, halitta ce mai tunani, ɗaya daga cikin Reapers masu zuwa duk bayan shekara 50,000 su share duk wata al'umma da ta ci gaba. Yadda yake yi maka magana, ba fushi ba gaggawa, ya sa tsigar jikina ta tashi. Daga baya a duniyar Ilos ka ji cewa Citadel, birnin da kowa ke taƙama da shi, tarko ne aka ɗana tun fil'azal. Komai ya zauna daram. Rauninsa abokan tafiya ne: Tali 'yar ƙabilar Quarian, alal misali, duk sanda ka je wurinta darasin tarihin mutanenta take ba ka, ba hira ba.

Na biyu ya juya lamarin. Babban labarin ba shi da nauyi. An kashe Shepard a mintunan farko, ƙungiyar Cerberus ta tashe shi bayan shekara biyu, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaye shi me ya gani ko yaya yake ji. An tilasta maka aiki da ita Cerberus ɗin, mutanen da a na ɗaya ka ga suna gwaji a kan sojoji. Ƙaton ƙwarangwal ɗin ƙarfe da aka kawo a matsayin abokin gaba na ƙarshe kuwa, gara a bar zancensa.

Amma mutanen jirginka, Normandy! A nan marubutan suka nuna gwanintarsu, musamman a kan Mordin Solus, likitan nan mai magana kamar ana korarsa. Yana cikin waɗanda suka sabunta cutar da aka jefa wa ƙabilar Krogan don rage musu haihuwa, ta yadda cikin ciki dubu, guda ɗaya ne kawai ke zuwa da rai. Kullum yana kāre aikin da lissafi. To sai kuka shiga wani asibiti a Tuchanka, duniyar Krogan, kuka tarar da gawar wata mace Krogan a kan tebur, wadda ta miƙa kanta a yi gwaji da ita ko ta samu haihuwa. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya sassauta murya, ya tsaya a kanta yana yi mata fatan samun sauƙi a inda za ta. A ƙarshen aikin aka tambaye ni: bayanan da almajirinsa Maelon ya tara ta wannan mummunar hanya, a adana ko a goge? Na daɗe hannuna a kan linzamin kwamfuta kafin na ce a adana.

Wannan zaɓi ya dawo a na uku, kuma nan ne wasan ya cika alkawarinsa. Idan ka adana bayanan, Eve, macen Krogan da maganin cutar ya dogara da ita, za ta rayu. Idan ka kashe Wrex, abokin tafiyarka ɗan Krogan, tun a Virmire, ɗan'uwansa Wreav mai son yaƙi ne ke mulki, sai warkar da Krogan ta zama abin tsoro na gaske. Kana iya yaudararsu, har ka harbi Mordin ta baya yana kan hanyar hawa hasumiyar da za ta watsa maganin. Ni na bar shi ya hau, yana 'yar waƙarsa wuta na ci kewaye da shi. Rannoch, duniyar Quarian ta asali, ma haka: Quarian da injinan Geth da suka ƙera, gabar kusan shekara 300, kana iya sasanta su idan Tali da Legion, ɗan Geth da ke tare da kai, sun tsira a na biyu kuma ka yi musu adalci a can.

Shi ya sa ƙarshen ya yi mini ciwo. Tun farkon na uku aka tsinci zanen wani makami, Crucible, a duniyar Mars, wanda ba a taɓa ambata ba a wasanni biyu. Batun tauraron duniyar Haestrom da ke tsufa kafin lokacinsa, wanda na biyu ya ɗauko, an watsar da shi. Kai Leng, makashin Cerberus, kuwa yana cin galaba a kanka ne kawai don marubuta sun ƙwace wasan daga hannunka a daidai lokacin. Sannan a mintunan ƙarshe wani abu ya bayyana da siffar yaro ya ce dalilin duk wannan kisa shi ne injina ba za su taɓa zama lafiya da waɗanda suka ƙera su ba. Alhali ga Geth da Quarian can a sama suna yaƙi a sahu ɗaya, ni na sasanta su! Shepard da ya yi gardama da Saren har ya karya masa hujja, a nan bai iya kawo wannan ba. Aka ba ka hanya uku, ja ko shuɗi ko kore, kuma a fitowar farko hotunan ƙarshen kusan iri ɗaya ne. An yi tuya an manta da albasa.

Bayan ƙorafin jama'a, a watan Yunin 2012 BioWare ta saki Extended Cut, ƙarin da ya faɗaɗa ƙarshen, kyauta. Ya nuna makomar ƙabilu, ya ƙara damar ka ƙi zaɓin gaba ɗaya, amma hujjar yaron tana nan yadda take. Wani abin da bai dace ba shi ne, asalin Reapers da kuma Javik, na ƙarshe a ƙabilar Prothean da Reapers suka share a zuwansu na baya, a da sai ka biya kuɗi daban kafin ka gan su. A Legendary Edition duk suna ciki.

Duk da haka ina ba da shawarar a saya. Sai dai a tanadi data da wuri a kwamfuta, don ya haura gigabait 100, kuma sai da jin Turanci sosai, tunda rabin wasan hira ce. A ɗauki Shepard mace, muryar Jennifer Hale ta fi ɗaukar nauyin wuraren baƙin ciki. Kada a fara daga na uku. Sashen da ake kira Citadel a na uku, inda tsofaffin abokai ke taruwa liyafa a gidanka, a ajiye shi sai dab da harin hedikwatar Cerberus, domin daga nan ba a komawa baya.